Yadda Ake Maganin Makero, Ƙora, Cin Ruwa da Ruɓewar Farce

Daga faɗuwar ruwan farko har zuwa kaka, da wuya ranar kasuwa ta wuce ba a kawo mana yaro mai ƙora ko magidanci mai ƙaiƙayin matse-matsi ba a ɗan asibitinmu na karkara a yankin Haɗeja. Kusan dukansu sun riga sun yi magani kafin su zo. Sun shafa wani abu, ciwon ya lafa, bayan wata guda ya dawo ya fi da faɗi. Idan ka bi diddigi za ka tarar ɗayan uku ne: an shafa mai a wurin da sai ƙwayar sha ce ke kaiwa, ko an sayi man da aka gauraya da sinadarin da ke ciyar da cutar gaba, ko kuwa an daina magani ranar da ƙaiƙayi ya tsaya.

Abin da ke kawo waɗannan cututtuka ƙwayar fangas ce, dangin fumfunar da ke fita a jikin abincin da ya kwana biyu. Tana cin saman fata da gashi da farce, tana son ɗumi da laima, kuma ƙurarta na iya yin watanni a jikin hula ko mataji ba ta mutu ba. Iyakar abin da kake buƙatar sani game da ita ke nan kafin ka fara aiki.

Kayan da za ka tanada

Na farko man shafawa mai sinadari guda ɗaya tak. Na rubuta sunayen yadda za ka gan su a jikin kwali: clotrimazole 1%, ko miconazole 2%, ko terbinafine 1%. Idan kemis ɗin garinku ba shi da ko ɗaya, ko kuɗinka bai kai ba, nemi man Whitfield. Tsohon magani ne mai araha, yana aiki, sai dai ya fi jan lokaci, kuma yana da raɗaɗi a wuri mai laushi, don haka ba na ba da shi don matse-matsi ko fuska. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani kafin ka biya.

Sai sabulun wanka na gama-gari, da tawul ko tsumma mai tsabta wanda mai ciwon kaɗai zai riƙa amfani da shi, da abin yanke farce nasa na kansa, da ruwan bilic na wanki, da ɗan auduga. In ciwon a kai yake ko ƙyasbi ne, ƙara da shamfu mai ketoconazole 2% ko mai selenium sulphide. Ƙwayoyin sha kuwa ban sa su cikin kayan da za ka je ka saya da kanka ba. Waɗannan sai ma'aikacin lafiya ya ga mai ciwon, ya auna nauyinsa, ya yi masa tambayoyi.

Akwai wanda nake roƙonka kada ka saya. Shi ne man nan da ake tallarsa da cewa yana maganin komai, wanda aka haɗa sinadari uku ko huɗu a ciki. Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun. Muddin ka ga betamethasone, ko clobetasol, ko dexamethasone, mayar wa mai kemis abinsa. Waɗannan sinadaran suna kashe ƙaiƙayi da ja cikin kwana biyu, shi ya sa mutane ke yabon su, amma suna kwantar da garkuwar fatar wurin ne, cutar kuma ta samu fili ta bazu a ɓoye. Da an daina shafawa sai ta taso ta mamaye cinya da ciki, zoben da ake gane ta da shi ma ya ɓace. Daɗewa a kansu na sirantar da fata, ya bar mata nankarwa. A Indiya yawan amfani da irin wannan man na cikin abin da ya taimaka wa wani nau'in makero ya yaɗu wanda ba ya jin terbinafine, kuma ya riga ya tsallaka wasu ƙasashe. Mayukan bilicin da dama suna ɗauke da irin waɗannan sinadarai, shi ya sa mai shafa su ba ta rabuwa da makero a fuska da wuya.

Mataki na 1: Gane abin da ke gabanka

Fito da mai ciwon hasken rana, kada ka duba a cikin ɗaki. Makero zobe yake yi: bakinsa ya ɗan tasa, da garin fata da ƙananan ƙuraje, tsakiyarsa kuma kamar ta warke. A matse-matsi yakan fara daga lungun cinya ya yi ƙasa, da iyaka a fili. Ƙora a kan yara take, gashi ya kakkarye a wuri ɗaya ko wurare, ya bar fili fari-fari kamar an barbaɗa toka. Cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa yake, musamman tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, fatar ta jiƙe ta yi fari ta tsage. Ƙyasbi kuwa ɗigo-ɗigo ne masu haske ko duhu a ƙirji da baya da wuya, in ka kankare da farce sai ka ga ɗan gari ya tashi. Farcen da ya kamu yakan yi kauri, ya koma rawaya ko ruwan ƙasa, ya riƙa marmashewa daga baki.

Abu biyu suna kama da waɗannan, kuma maganinsu daban ne. Ƙazuwa ta fi ƙaiƙayi da dare, tana fita a tsakanin yatsun hannu da wuyan hannu da gaba, kuma za ka tarar rabin gidan na susa. Man makero ba ya yi mata komai.

Na biyun ya fi nauyi. Duk tabon da ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gari, ka gwada shi da auduga. Ka ce wa mutumin ya rufe ido, ka shafa audugar a lafiyayyar fata, sannan a kan tabon, ya riƙa nuna maka inda ya ji. In bai ji a kan tabon ba, kada ka shafa komai, a tafi asibiti a duba kuturta. Har yanzu ana samun sababbin masu ita a Kano da Jigawa, maganinta kyauta ne, kuma wanda aka kama tasa tun tana tabo yana warkewa ba tare da ya rasa ko yatsa ɗaya ba. Gwajin nan minti ɗaya ne, kada ka tsallake shi.

Mataki na 2: Makeron jiki da na matse-matsi

A wanke wurin da ruwa da sabulu a hankali. Ban da dirza da soso ko dutse, domin fasa fatar ba ya fitar da cutar, hanya kawai yake buɗe wa wasu ƙwayoyin. A tsane da tsumma har wurin ya bushe sarai.

Matso mai a kan yatsanka manuni, daga kan yatsa zuwa gaɓar farko. Wannan ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Fara shafawa daga waje, kamar faɗin yatsa biyu bayan bakin zoben, ka yo ciki. A bakin ne cutar take da rai, har ta ɗan wuce inda ido ke gani, amma yawancin mutane tsakiya suke lafta wa mai su bar gefen. Wanke hannunka bayan ka gama.

Sau biyu a rana. Na fi ce wa mutane bayan sallar asuba da bayan isha'i, saboda ba a mantawa, kuma na daren zai kwana a jiki ruwa bai taɓa shi ba. Da clotrimazole ko miconazole ana yin mako 2 zuwa 4. Da terbinafine mako 1 zuwa 2 yakan isa. Da Whitfield ka sa ran mako 4 ko fiye.

Ƙaiƙayi zai tsaya tun a makon farko, kuma nan ne ake faɗuwa. Cutar nan kamar ƙiri-ƙiri take a gona: ka share ganyen, saiwar na nan a ƙasa tana jiran ruwa. Bayan fata ta koma sumul, a ci gaba da shafawa mako ɗaya ko biyu. Saboda haka tun farko ka sayi man da zai kai ka, domin ƙaramin tulu guda ba ya isar babban mutum mai makero a cinya biyu.

Mai ciwon matse-matsi ya sa wando mai yalwa na auduga, ya sauya na ciki kullum, kuma ya duba ƙafarsa. Sau da yawa daga tsakanin yatsu cutar ke hawowa ta hanyar tawul ko wando, in ba a yi maganin ƙafar ba za ta sake hawowa. Idan wurin ja ne jawur, a jiƙe, da ƙananan ƙuraje a kewaye, a ƙarƙashin nono ko hammata ko gindin jariri, wannan wani nau'in ne. Clotrimazole da miconazole suna yi masa, haka ma nystatin. Amma ka riƙe cewa nystatin ba ya maganin makero, kada a ba ka shi a madadinsa.

Mataki na 3: Cin ruwa

Masu noman shinkafa a Auyo da Kura da Kadawa, masu kamun kifi a fadamun Haɗeja, da matan da ke wuni a bakin rijiya sun san wannan ciwo. Maganin shafawar ɗaya ne da na sama, sai dai da clotrimazole a cika mako 4. Rabin aikin kuwa busarwa ne. Muna alwala sau biyar muna tsattsefe yatsu, sannan mu zura ƙafa a takalmi da danshinta. Mai cin ruwa ya riƙe ɗan tsumma a aljihu, bayan kowace alwala ya goge tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da an fito daga gona a cire takalmin ruwa, a wanke ƙafa, a kife takalmin a rana, a sa silifa. Wanda aikinsa ya tilasta masa rufaffen takalmi ya samu safa ta auduga fiye da ɗaya yana sauyawa.

In tsagar ta fara wari da ruwa, ƙafar ta kumbura ta yi zafi, ko kaluluwa ta fito, wata ƙwayar cutar ta shiga, mai kaɗai ba zai isa ba. Mai ciwon suga kuwa ko tsagar ƙarama ce kada ya tsaya maganin gida.

Mataki na 4: Ƙora

Nan ne na fi ganin an yi asarar kuɗi da wahalar da yara. Ƙora a cikin saiwar gashi take, ƙarƙashin fata, inda babu man da ke kaiwa. Ko ka shafa tulu goma, sama za ta yi kyau, ƙasa na nan. Dole sai maganin sha.

A kai yaron asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna nauyinsa. Maganin shan da aka fi samu a wajenmu shi ne griseofulvin. Ana lissafa shi da nauyi, wajen miligiram 20 ga kowane kilo a rana, wato yaro mai kilo 25 zai sha miligiram 500. Ana sha kullum, mako 6 zuwa 8. Kuma ba a shan sa da cikin wofi ko da kunu tsararo: sai da abinci mai maiƙo jiki ke ɗaukar sa sosai. A ba yaro da kindirmo, ko ƙosai, ko awara, ko tuwon da aka sa wa man shanu. Uwa, in yaronki ba ya iya haɗiyar ƙwaya, ki murƙushe ta a cokalin kindirmo. Inda ake da ƙwayar terbinafine, ita mako 4 ake yi, ita ma da nauyin yaro ake ba da ita.

Mai ciki ba ta shan griseofulvin, haka mai ciwon hanta. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, don haka macen da ke shan ta ta faɗa wa ma'aikacin lafiya tun kafin ya rubuta.

Tare da ƙwayar, a riƙa wanke kan da shamfun da na ambata sau biyu a mako, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye. Shamfun ba ya warkarwa, yana rage ƙurar da yaron ke yaɗa wa 'yan'uwansa ne. In babu shamfu, a wanke da sabulu kullum, a shafa clotrimazole a wurin don wannan dalilin. Yaron da ya fara magani zai iya ci gaba da zuwa makaranta.

Ba sai an yi masa ƙwal-kwabo ba, rage gashin ya isa. Kankare wurin da aska har jini ya fito zalunci ne da ba ya ƙara komai. Na ga kawunan da aka zuba wa ruwan batir, da baƙin mai, da kalanzir, da nonon tumfafiya, da dakakkiyar tafarnuwa da aka ɗaure ta kwana. Duk ƙuna suke yi, kuma inda ya ƙone da zurfi gashi ba ya sake fitowa har abada. Nonon tumfafiya in ya gangara ido yana iya lalata shi. Wankin kai da ruwan ganyen darbejiya ba ya cutarwa, wanda yake so ya yi, amma kada ya hana ƙwaya.

Wani lokaci ƙora takan kumbura ta yi tudu mai laushi, tana fitar da mugunya ta ramukan gashi. Iyaye sukan ɗauka maruru ne su kai wa wanzami ya tsaga. Kada a tsaga. Jiki ne ke faɗa da cutar, kuma maganin shi ne dai ƙwayar nan, a fara ta da wuri kafin wurin ya zama tabo.

A tsangaya ko gidan da yara ke da yawa, a duba kan kowa rana ɗaya, a fara wa duk masu ita magani tare. In ka yi wa ɗaya ka bar biyar, su za su mayar masa. Alaramma ko mai unguwa in ya sa baki a wannan, aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na 5: Farce

Farce ya fi kowanne taurin kai, kuma gara ka san haka tun farko. Mai ba ya ratsa shi. Maganin shi ne ƙwayar terbinafine miligiram 250 kullum ga babba, mako 6 don farcen hannu, mako 12 don na ƙafa. Akwai kuma itraconazole da ake shan sa mako ɗaya a kowane wata, zagaye 2 don hannu, 3 don ƙafa, amma ba a ba mai ciwon zuciya, kuma yana karo da magunguna da yawa. Dukansu ta hanta suke bi. Ciwon hanta nau'in B kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu, mutane da yawa na ɗauke da shi ba su sani ba, shi ya sa nake son a yi gwajin jini kafin a fara. In ana cikin sha ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko amai ya ƙi tsayawa, a dakata a koma asibiti a ranar. Kada ka yarda a ba ka ƙwayar ketoconazole don farce ko fata. Tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taƙaita shan ta saboda illar da take yi wa hanta. Shamfunta da man shafawarta ba su da wannan matsalar.

Ba kowane baƙin farce ne fangas ba. Tuntuɓe, matsattsen takalmi da tsufa duk suna kaurara farce, kuma bai kamata mutum ya sha ƙwaya wata uku a kan zato ba. A manyan asibitoci kamar na Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse ana iya kankaro garin farcen a duba. Dattijon da farcensa ɗaya ne ya lalace, ba ya masa ciwo, ba shi da suga, ni a ganina ya riƙa yankewa kawai ya fi masa.

Aikinka a gida: jiƙa farcen a ruwan ɗumi minti 10, ka yanke duk inda ya ruɓe, ka goge kaurin. Fara da lafiyayyun farata, ka ƙare da mai ciwon, sannan ka wanke abin yankan. Ka daina miƙa wa masu yankan farce na kasuwa ƙafarka, almakashi ɗaya ne ke zaga mutum hamsin. Mata su ɗan dakata da lalle a wannan farcen, domin yana rufe launin da muke dubawa.

Tsohon farcen ba zai gyaru ba, sabo ne zai tsiro daga tushe ya turo shi. Na hannu yakan ɗauki wajen wata 6, na babban yatsan ƙafa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Alamar nasara ita ce siririn layi mai tsabta a gindin farcen yana ƙara faɗi wata bayan wata. Ganin saman bai canja ba kada ya sa ka ƙara wa kanka ƙwaya.

Matan da hannunsu ba ya fita daga wanke-wanke da surfe sukan samu kumburin naman da ke kewaye da farce. Wannan babban maganinsa hutar da hannu daga ruwa ne, da busarwa, da shafa clotrimazole a lungun.

Mataki na 6: Ƙyasbi

Wannan mai sauƙi ne, kuma ba a ɗaukar sa daga wani, ƙwayar na jikin kowa, zafi da gumi ne ke tayar da ita. A shafa shamfun ketoconazole a ƙirji da baya da wuya, a bari minti 5, a wanke, kullum har kwana 5. Da selenium sulphide minti 10 ne, kwana 7. Griseofulvin ba ya yi masa. Launin fata sai bayan watanni yake daidaita ko da cutar ta mutu, don haka ka duba garin: in ka kankare bai tashi ba, ya warke. Yana yawan dawowa da bazara, sai a maimaita.

Mataki na 7: Kayan gida da dabbobi

Ranar da aka fara magani a tattara hula, ɗankwali, tawul, zanen gado da rigar matashi a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana tsaka, a yi guga in da hali. Tabarma da katifa a fitar da su rana. Mataji da abin yanke farce a jiƙa su minti 10 a ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, a ɗauraye a busar. A maimaita kowane mako har a gama. Wajen aski, wanzami ya sa sabuwar reza. Ɗan hasken wutar da ake yi wa kilifa bai isa ba, a kakkaɓe gashin da buroshi a goge ta da sinadari, yaro mai ƙora kuwa a rage masa gashi a gida da almakashinsa.

A leƙa turke. Maruƙa sukan yi farin tabo mai ɓawo a kewayen ido da wuya, kyanwa ma gashinta kan zube wuri-wuri, kuma yaran da ke kiwo daga nan suke kwasowa. Irin na shanu ya fi kumbura a jikin mutum. A nuna wa malamin dabbobi.

Idan an yi mako 4 ana shafawa yadda na faɗa ba a ga sauƙi ba, ko makeron ya cinye wuri mai faɗi, ko ya shiga gemu, lokacin ƙwayar sha ya yi, a je asibiti. Jaririn da bai kai shekara ba, da mai ciki, da mai shayarwa, su ma asibiti za su tafi. Babban mutum da ciwon ke dawo masa kai da kai, ko farin abu ya fito masa a harshe, a auna masa suga, a kuma yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Za ka tafi da duk kwalayen abin da aka riga aka shafa ko aka sha, har da na gargajiya, domin fatar da ta sha man haɗin nan kamanninta sukan canja, kuma kwalin ne zai nuna wa likita dalili.